Fasa Garaya Kaɗai Ba Ya Warkar Da Majinyaci

 

Duk wanda ya taɓa yin bazara a ƙauyukan da ke tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, ko a karkarar Gagarawa da kewayen Gumel, ya san wannan labari ko da bai faru a gidansu ba. Yaro ya wuni lafiya yana kiwo, da yamma ya dawo da zazzaɓi da ciwon kai, kafin tsakar dare wuyansa ya sanƙare, ya fara sambatu, idanu sun kafe, jiki na jijjiga. Nan take sai tsofaffin gida su ce ai wannan ba ciwon asibiti ba ne, gamo ya yi, ya ratsa ta gindin tsamiya da tsakar rana, mutanen ɓoye sun taɓa shi. A kawo garwashi a yi hayaƙi, a aika a kira mai magani, shi kuma ya zo ya duba ya ce sai an kawo jan zakara da turare da ƙyalle. Kafin a gama wannan kai-komo, a yanke shawarar neman amalanke ko mashin zuwa babban asibitin Gumel, an ci kwana biyu. Alhali kuwa ciwon sanƙarau yana iya kashe mutum a cikin kwana guda. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Daga watan Oktoba na 2022 zuwa tsakiyar Afrilu na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 1,686 da ake zaton sun kamu da sanƙarau a Nijeriya, 124 daga ciki suka rasu. Jihar Jigawa kaɗai ce ke da 1,252 na wannan adadi, kuma a cikin Jigawar ma ƙananan hukumomin Maigatari da Sule Tankarkar, masu iyaka da jihar Damagaram ta Nijar, su ne annobar ta fi yi wa ɓarna. Mafi yawan waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Saboda haka maganar inda ake fara kai mara lafiya a ƙasar Lautai ba magana ce ta raha a majalisa ba. Magana ce ta imani, kuma magana ce ta rai.

Matasa 'yan uwa masu kishin addini sun daɗe suna jin wa'azi a kan bori da bokanci, kuma da yawansu idan suka ji kiɗan garaya a bayan gari jininsu tafasa yake yi. Wannan kishi abin yabo ne. Amma tambayar da ya kamata kowane ɗan uwa ya yi wa kansa ita ce: bayan an watsa taron, an fasa garaya da ƙwarya, ina aka kai majinyacin da aka taru dominsa? Wa ya kwana a kansa? Wa ya biya masa kuɗin mota? In babu amsa, to an kori boka ne an bar cuta, kuma gobe da dare za a koma wa bokan a ɓoye.

Kafin a yaƙi abu, wajibi ne a san shi. Bori tsari ne na neman waraka ta hanyar ƙulla alaƙa da iskoki. 'Yan bori sun yi imani cewa akwai wani birni na ɓoye da ake kira Jangare, inda iskoki ke zaune gida-gida da sarautunsu da danginsu, a ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulemanu. Sun kasa su zuwa farare da baƙaƙe, na gida da na daji. Kowane iska da sunansa da takensa da tufarsa da irin dabbar da yake so a yanka masa, kuma da cutar da ake jingina masa. Akwai Malam Alhaji, wanda idan ya hau mutum sai ya duƙa kamar tsoho yana tari yana jan carbi. Akwai Ɗan Galadima ɗan sarki mai almubazzaranci, da Kuturu mai dunƙule yatsu, da Danko ɗan Musa mai jan ciki kamar maciji, da Sarkin Rafi, da Barhaza, da Inna wadda ake tsoron ambaton sunanta. Wanda iska ke hawa, in namiji ne ana ce masa doki, in mace ce goɗiya.

Hanyar shiga kuwa galibi ta rashin lafiya ce. Mutum zai yi ta fama da ciwon da aka kasa gane kansa, ko mace ta yi ta ɓari ko haihuwar wabi, ko ta shiga ƙunci da firgita bayan aure ko haihuwa. Sai a ce iska ne ke nemanta, ba za ta sami sauƙi ba sai an yi mata girka. A killace ta kwanaki, galibi mako guda, ana ba ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi, makaɗan garaya ko goge suna kiran iskoki ɗaya bayan ɗaya, a yi yanka a zubar da jini. A nan ne gizo ke saƙar: girka ba ta korar iska, sulhu take ƙullawa da shi. Daga ranar mutum ya zama dokinsa har mutuwa, yana yi masa yanka lokaci-lokaci, yana ajiye masa kayan tsere a ɗaki. In ya ƙware, shi ma sai ya buɗe nasa zauren, yana cewa mutanensa ne ke gaya masa cuta da maganinta.

Wannan al'ada ta girmi Musulunci a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, da yadda Wangarawa suka zo da addini a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Musulunci ya shigo, amma tsohuwar al'ada ba ta fita ba, sai ta sake riga. Shi ya sa aka sami iska mai suna Malam Alhaji. Da Turawa suka zo, sai aka sami iskoki masu kakin soja suna fareti suna ba da oda. A ƙasar Filinge ta Nijar aka fara ganin irinsu wajen 1925, kuma su ne aka sani da Babule. A Gobir kuwa Inna sarauta ce ta 'yar gidan sarki mai shugabantar 'yan bori. Bayin da aka kwasa aka ƙetare Sahara da su sun kai bori har Tunis da Tarabulus, inda wani Baturen Ingila mai suna Tremearne ya same su ya rubuta littafi a kansu a 1914.

Kuma kada a ɗauka Bahaushe ne kaɗai ya san wannan hanya. Zabarmawa suna da nasu da ake kira holle, a Sudan da Habasha da Masar akwai zar, a Maroko akwai gnawa. A can Saibiriya ta ƙasar Rasha akwai masu buga ganga har su fita hayyacinsu, su ce ransu ya yi tafiya ya gana da iskokin da ke taimaka musu. Daga harshen waɗannan mutane ne Turawa suka aro kalmar shaman da suke kiran duk mai irin wannan sana'a. A dazuzzukan Amazon na Kudancin Amurka, 'yan asalin wurin suna dafa wani tsiro mai gusar da hankali su sha don ganawa da iskoki, kuma yanzu Turawan da suka ƙoshi da abin duniya zuciyarsu ta bushe suna biyan kuɗi su je a ba su. Abin lura shi ne ko'ina siffar ɗaya ce: ciwo, tsoro, kiɗa, fita hayyaci, yanka, da wani mutum da ke cewa shi ne tsani tsakanin majinyaci da ɓoyayyun halittu. Duk inda ɗan Adam ya ga cuta ya rasa sunanta, zai nemi wanda zai raɗa mata suna.

To mene ne matsayin Musulunci? Babu Musulmin da ke musun samuwar aljanu, domin akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunansu. Amma a cikin wannan surar ce aka bayyana cewa mutanen da suka riƙa neman tsari da aljanu ba abin da suka ƙaru da shi sai wahala da ɓata. Suratul An'am ta tabbatar da cewa yanka ibada ce kamar salla, ba a yin ta sai don Allah, kuma Manzon Allah (SAW) ya la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Ali (RA). Muslim ya kuma ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Masu cewa aljanunsu sun san gaibu kuwa, Suratu Saba ta isa amsa: Annabi Sulaiman (AS) ya rasu a tsaye yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aikin wahala a gabansa ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Wanda bai san mutuwar ubangidansa da ke gabansa ba, ta yaya zai san abin da ke cikin cikin matar wani? Saboda haka yanka wa iska, da neman agajinsa, da miƙa masa wuya a matsayin doki, shirka ne ƙarara, wal'iyazu billahi. A wannan babu sassauci.

Sai dai akwai bambancin da 'yan uwa da yawa ba sa yi, kuma rashin yin sa zalunci ne. Ba duk mai maganin gargajiya ne boka mai tsafi ba. Wanzami mai ƙaho, da maɗori mai gyara karaya, da ungozoma, da tsohon da ya san amfanin sabara da marke da maɗaci da ƙirya, waɗannan masu sana'a ne, kuma saninsu ni'ima ce daga Allah matuƙar ba su haɗa da surkulle ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi dogara da shi a asibitocin duniya a yau daga tazargade aka samo shi, kuma wata 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ta karɓi kyautar Nobel a kansa a 2015. Abin da boka yake yi shi ne ya ɗauki saiwar da Allah Ya sanya wa amfani, ya lulluɓe ta da ƙarya, ya ce aljani ne ya nuna masa, don ya mallake zuciyar majinyaci da aljihunsa. Aikin mai ilimi shi ne ya raba saiwar da ƙaryar, ba ya haɗa su ya ƙona ba.

Yanzu a zo ga tambayar da ta fi ciwo. Ƙasar Gumel ba sabuwar shiga Musulunci ba ce. Mangawa suka kafa masarautar tun wajen 1750 a ƙarƙashin inuwar Barno, daular da ta yi ɗaruruwan shekaru da addini, kuma yankin ya shahara da tsangayu da alarammomi. Jihar Jigawa ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000. Masallatai sun cika, makarantun Islamiyya sun yawaita, kaset-kaset na wa'azi sun koma cikin wayoyi. Me ya sa har yanzu ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ba a rasa mai shimfiɗa da layu da guraye da ƙahonni, kuma ba ya rasa masu tsugunawa a gabansa? Me ya sa matar da ke azumin Litinin da Alhamis take saɗaɗawa gidan mai iskoki idan ɗanta ya faɗi?

Amsa ita ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Boka yana cikin gari, asibiti yana nesa. Boka yana buɗe ƙofa da tsakar dare, yana karɓar kaza ko kwanon gero, yana ma yarda a biya bayan kaka. Asibiti kuwa sai an sayi kati da allura da ruwa da safar hannu kafin a taɓa mutum. Boka yana zama ya saurari mace tun daga farkon labarinta har ƙarshe, da harshenta, ba ya yi mata tsawa. Taron bori yana tara wa majinyaciya mutane, a yi mata kiɗa, a nuna mata cewa ciwonta ya dami wani. Matar da aka yi wa kishiya aka jingine ta, ko wadda aka aurar da ita garin da ba ta san kowa ba, ko wadda ta binne 'ya'ya uku, sau da yawa a nan kaɗai take samun mai jin kukanta. Hausawa suka ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Mahukunta kuma suna da kaso mai tsoka a wannan laifi. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne kawai, su ma suna cunkushe a manyan birane, wasu kullum suna ficewa waje. Mutumin Gagarawa da ɗan uwansa ya sami taɓin hankali sai ya nufi Kazaure ko Dawanau a Kano, da kuɗin mota da na abinci da na masu riƙe shi. Dokar mahaukata ta 1958, ta zamanin Turawa, ita aka yi ta aiki da ita har sai Janairun 2023 da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Kuma ba a manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 ya kashe fiye da 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya zo Kano ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200, 11 suka rasu, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Irin wannan cin amana shi ya sa talaka yake ɗari-ɗari da farin kaya, kuma boka ne ya ci ribar.

Amma duk da haka gaskiya ɗaya ce. A dubi cutar da Bahaushe ya raɗa wa suna shan-inna. Sunan da kansa daga bori ya fito, wai Inna ce take shanye ƙafar yaro. Shekaru aru-aru ana yi wa Inna yanka ana ba ta nono, yara ba su daina gurguncewa ba. Da aka gano ƙwayar cuta ce da ke bin ƙazanta da gurɓataccen ruwa, aka dage da rigakafi, an ga na ƙarshe da nau'in dajin cutar ya kama a Nijeriya a 2016 a jihar Barno, kuma a watan Agusta na 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da shi. To ina Inna ta tafi? Haka farfaɗiya, wadda har gobe ake gudun yawun mai ita ana cewa bugun aljani ce. Ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suka sami magani daidai suka dawwama a kansa. Haka jijjigar mai ciki, wadda hawan jini ke kawowa, da zazzaɓin da ke hawa kan yaro ya sa shi suma. Duk waɗannan an san sababinsu, kuma kowace sa'a da aka ɓata wajen hayaƙi tana iya zama ita ce tsakanin rayuwa da kabari.

A nan dole a juyo da madubi gida, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tun 1995 da 1996, lokacin da aka yi ta samun 'yan mata suna faɗuwa a makarantun sakandare na Kano ana cewa wata aljana Sumbuka ce, harkar ruƙiyya ta bunƙasa a Arewa. Ruƙiyya sunna ce tabbatacciya. Bukhari ya ruwaito yadda wani sahabi ya karanta Fatiha ga shugaban wata ƙabila da aka harba ya warke, Manzo (SAW) kuma ya tabbatar da hakan. Malamai irin su Ibnu Hajar sun kawo sharuɗɗanta uku: ta kasance da maganar Allah ko sunayenSa da siffofinSa, da lafazin da ake fahimta, kuma a ƙudurce cewa Allah ne Mai warkarwa ba ita ba. Amma yau an wayi gari wasu sun mayar da ita kasuwa. Sun kafa allo a bakin titi, suna hira da aljani suna tambayarsa wa ya turo shi, shi kuma ya ambaci kishiya ko suruka ko maƙwabci, gida ya kama da wuta. Suna keɓewa da matan mutane, suna dukan majinyaci da dorina da sunan aljani suke duka, suna ɗaukar abin a waya suna yaɗawa. Wanda ya gaskata labarin aljani a kan wani Musulmi, mene ne bambancinsa da mai zuwa wajen duba? Wannan bokanci ne da ya tsayar da gemu ya ɗage wando.

Haka nan gidajen mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, bayan 'yan makonni aka sake gano irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, wasu don shaye-shaye, wasu don taɓin hankali. Kuma ya kamata matasa su faɗa wa kansu gaskiya: da yawa daga samarin da ake cewa an yi musu asiri ko aljana ta aure su, ƙwaya ce da wiwi da sholisho da maganin tari suka taɓa musu kai. Ɗaure irin wannan a turu ba magani ba ne, kuma ba addini ba ne.

Mafita tana cikin tarihin magabata na ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga masu girmama itatuwa da duwatsu suna yi musu yanka, amma a cikin littafin nan dai ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Ya gane inda ɗakin yake yoyo. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta ga bori ya yi katutu a tsakanin matan karkara bayan jihadi, ba ta aika dakaru ba. Sai ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata masu mutunci ta naɗa su jajis, ta koyar da su, suna komawa ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu, suna kula da marasa lafiya, suna wankan gawa, suna sasanta rigima. Har malfar da Innar Gobir ke sawa ita ta ɗora wa jaji a ka, don matan su gane cewa jagorancin da suka saba nema a can, ga shi nan an kawo musu mai tsabta. Ta gane abin da mata ke samu a bori, ta ba su wanda ya fi shi. Wannan ita ce hikimar da ta yi ƙaranci a yau.

Saboda haka akwai aiki a gaban matasan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Na farko, kowane ɗan uwa ya fara da gidansu. Ya zauna da mahaifiyarsa da kakarsa da ƙannensa mata cikin ladabi, ya karantar da su tauhidi da azkar na safe da yamma da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ba da tsawa ko kafirtawa ba. Tsohuwar da ta ɗaura wa jikanta laya ƙauna ce ta sa ta, ilimi ne ya yi mata ƙaranci.

Na biyu, a san alamomin da ba sa jira: zazzaɓi da sanƙarewar wuya, suma ko jijjiga ga yaro, kumburi da ciwon kai da jijjiga ga mai ciki, zubar jini bayan haihuwa, sambatu da rashin barci ga mai jego. Waɗannan asibiti ake nufa da su nan take, ana tafe ana addu'a. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya koyar da ruƙiyya shi ne ya yi umarni da neman magani, ya kuma sanar da cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Idan aka zo rigakafin sanƙarau, kamar sabuwar allurar da Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a watan Maris na 2024, har da Jigawa, 'yan uwa su yi tambaya su fahimta, sannan su fito da ƙannensu.

Na uku, kowane masallaci da kowace da'ira su kafa asusun jinya, ko da na Naira ɗari-ɗari ne duk Juma'a, a kuma san masu mashin da mota da za a iya tasa da dare. 'Yan agajin da ke tsare sahu a wajen wa'azi, su ne ya kamata a gani a bakin gadon mara lafiya da wajen ba da jini. Na huɗu, masu ƙoƙari a karatu su nufi fannin likita da jinya da haɗa magunguna, a kuma bar 'yan uwa mata su yi, domin macen karkara ta fi sakin jiki da mace. Tun a 1954 Dakta Lambo ya nuna a ƙauyen Aro na Abekuta cewa mai taɓin hankali ya fi saurin samun sauƙi idan ana yi masa magani yana cikin jama'a tare da danginsa, ba a ɗaure ba. Na biyar, a matsa wa shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa lamba a kan asibitocin karkara da ba ma'aikaci ba magani, domin haƙƙi ne ba alfarma ba. Na shida, kada wani ya ɗauki doka a hannunsa. Mai bori ɗan Adam ne da ake fatan shiriyarsa. A je masa da hujja da kyakkyawar magana, in ya tuba a taimaka masa da sana'a, in yana cutar da mutane a kai ƙararsa ga hukuma.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wata baƙar mace mai farfaɗiya da ta zo wa Manzon Allah (SAW) da kukanta. Bai gudu daga gare ta ba, bai sa a ɗaure ta ba, bai sa a dake ta ba. Ya saurare ta, ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna, da ta zaɓi haƙuri ta roƙi kada tsiraicinta ya riƙa bayyana idan ta faɗi, sai ya yi mata addu'a a kan hakan. Bayan shekaru Ibnu Abbas (RA) yana nuna ta ga almajirinsa a matsayin 'yar Aljanna. Wannan shi ne matsayin majinyaci a wurin shugaban halitta. Ranar da mara lafiya a ƙasar Gumel ya tabbata cewa in ya faɗi 'yan uwansa Musulmi ne za su fara isowa kansa, ranar garaya za ta yi shiru ba tare da an fasa ta ba.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya tsare imanin al'umma daga shirka ta fili da ta ɓoye.